Daga Rilaksa Zuwa Gashin Asali: Yadda Za A Yi Rainon Gashi Ba Tare Da Wuta Ba

Gabatarwa

A Yasore da sauran garuruwan yankin Batsari da Safana, kamar yadda yake a ko'ina cikin ƙasar Hausa, gyaran kai babban sashe ne na adon mace. Iyayenmu da kakanninmu sun san doka da kitson zare, sun san man shanu da karkashi. Daga baya sai man nan mai miƙar da gashi ya shigo kasuwanninmu, wanda ake kira rilaksa, wasu matan kuma su ce shamfo. Ya samu karɓuwa ƙwarai saboda yana sa gashi santsi da sauƙin taza. A yau kuma mata da 'yan mata da dama sun fara juya masa baya, wasu don karyewar gashi, wasu don ƙunar fatar kai, wasu kuwa don tsadarsa.

Sai dai barin rilaksa ba ya zuwa da sauƙi. Bayan wata uku ko huɗu, mace za ta ga gashi iri biyu a kanta: sabon tsiro mai murɗiya daga tushe, da tsohon gashi miƙaƙƙe a samansa. Taza ta zama wahala, gashi ya riƙa cika mataji. A nan ne da yawa kan ɗauki ƙarfe mai zafi don daidaita su biyun, ko kuma su sare su koma gidan jiya. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamai abin da ke faruwa a cikin silin gashi a wannan lokaci, da dalilin da ya sa zafi ke ƙara dagula al'amari, da kuma hanyoyin da za a bi a tsallake lafiya.

Yadda aka gina silin gashi

Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, wanda za mu kira kurmin gashi. A can ƙasan kurmin ne kawai ake da ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda jini ke ciyarwa. Abin da ya fito waje muke gani muke tajewa matacce ne, shi ya sa aski ba ya zafi. Mai karatu ya riƙe wannan batu da kyau, domin a kansa sauran bayani zai ginu: fata idan ta yanke takan warke, amma silin gashi idan ya lalace ba shi da hanyar gyara kansa.

Idan aka duba sili a ƙarƙashin madubin ƙara girman abubuwa, za a ga yana da ɓawo a waje. Ɓawon nan ƙananan faifai ne da suka hau kan juna, kamar yadda ake jera bunu a kan jinka, bakinsu yana fuskantar ƙarshen gashi. Muddin suna kwance, gashi zai yi sheƙi da santsi. A cikin ɓawon akwai tsoka, wadda ita ce mafi yawan kaurin sili, kuma a nan ƙarfinsa da launinsa suke. An gina tsokar da wani nau'in furotin mai suna keratin, irin wanda ke cikin farce da ƙahon sa da kofaton doki.

Zaruruwan keratin ba a sake suke ba, ɗaure suke da juna. Ɗauri biyu ne suka fi shafar batunmu. Na farko shi ne ɗaurin haidirojin. Yana da yawa amma ba shi da ƙarfi. Ruwa yana kwance shi, idan gashi ya bushe ya sake ƙulluwa. Na biyu shi ne ɗaurin salfa, wato farar wuta, inda ƙwayoyin salfa biyu ke riƙe da juna tsakanin zare da zare. Wannan kamar walda yake, ruwa ba ya kwance shi. Salfar nan ce ke ba da warin da ake ji idan gashi ya ƙone, ko idan ana babbakar kan rago.

Gashin mafi yawan mutanen Afirka yana fitowa ne daga kurmi mai lanƙwasa, kuma idan aka yanka silin a tsakiya ba a ganin da'ira sosai, sai siffa mai kama da ƙwai da aka ɗan matse. Wannan ne ke sa shi murɗewa. Murɗiyar tana da sakamako biyu. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya iya gangarowa har ƙarshen sili, don haka gashin ya fi saurin bushewa. Haka kuma silin yakan sarƙe da ɗan'uwansa ya yi ƙulli, kuma a wurin ƙullin ne yakan tsinke idan an ja da ƙarfi.

Me rilaksa ke yi wa gashi?

Tarihin wannan mai ya faro ne daga Amurka. Ana danganta shi ga wani baƙar fata mai ƙirƙire-ƙirƙire, Garrett Morgan, na birnin Cleveland, wanda ya kafa kamfanin sayar da man miƙar da gashi a shekarar 1913. Daga can ne sana'ar ta bunƙasa har ta iso Afirka.

Masana kimiyyar sinadarai suna auna tsami da kishiyarsa da wani ma'auni mai suna pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa mai tsabta yana kan 7. Abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kamar lemun tsami da tsamiya. Abin da ke sama da 7 yana ɓangaren kanwa, kamar ruwan toka da sabulu. Gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5. Rilaksa kuwa tana kaiwa 12 zuwa 14. Ɗalibai su tuna cewa kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ke nan daga 5 zuwa 13 matakai takwas ne, wato ninki miliyan 100.

Rilaksa iri biyu ce ta fi yawa. Akwai mai sodiyam haidiroksaid, wato sodar nan mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita. Akwai kuma wadda ake gauraya abu biyu kafin a shafa, kuma akan rubuta a kwalinta cewa babu soda a ciki. Ita ma wannan kaifinta ya kusa na ta farkon, kuma takan bar gurbin kalsiyam a kan gashi ya ƙara bushewa. Aikinsu ɗaya ne: su kumbura sili, su ɗaga bunun ɓawonsa, su kutsa cikin tsoka su karya ɗaurin salfa. Yayin da ake miƙar da gashin da mataji, wani sabon ɗauri yakan ƙullu mai ƙwayar salfa ɗaya a maimakon biyu. Da haka sai gashi ya zauna a miƙe, amma ƙarfinsa ya ragu. A shekarar 2010, Farfesa Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, tare da abokan aikinta, sun wallafa binciken da ya nuna cewa gashin da aka sa wa rilaksa ya yi asarar wani kaso na sistin, wato sinadarin da ke ɗauke da ɗaurin salfa.

Wannan canji ba ya komawa baya. Tukunyar da aka gasa ba ta sake zama yumɓu. Duk man da aka tallata cewa zai mayar da gashin rilaksa zuwa asalinsa, iyakarsa ya rufe ɓarnar na ɗan lokaci. Gashin asali daga tushe kaɗai yake fitowa.

Akwai kuma batun lafiyar jiki. A watan Oktoba na 2022, masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata fiye da 33,000 na tsawon kusan shekara 11. Sun ƙiyasta cewa cikin matan da ba su amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin su kai shekara 70, amma cikin masu amfani da shi fiye da sau huɗu a shekara adadin ya kai kashi 4.05. Binciken alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa man ne musabbabi ba. Duk da haka, abin lura ne ga iyayen da ke shafa wa ƙananan yara.

Mahaɗa: inda gizo ke saƙa

Wurin da sabon tsiro ya haɗu da tsohon gashi shi za mu kira mahaɗa. A ƙasanta akwai gashi mai ƙarfi da murɗiya, a samanta akwai miƙaƙƙe mai rauni. Idan aka ɗaura igiyar rama da zaren ɗinki aka ja, ai an san inda za ta tsinke. Haka mataji yake yi: ya wuce sumul ta cikin miƙaƙƙen gashi, ya zo ya cije a murɗiya, duk ƙarfin jan ya taru a mahaɗa.

Tsawon lokacin da za a zauna da wannan hali lissafi ne mai sauƙi. Wani bincike da Geneviève Loussouarn ta wallafa a 2001 ya nuna cewa gashin mutanen Afirka yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita a rana, wato kusan santimita 0.8 a wata. A wata shida za a samu kusan santimita 5, a shekara kusan santimita 10. Wadda take son sabon gashi mai tsawon santimita 20 kafin ta rabu da tsohon, sai ta shirya wa shekara biyu. Babu man da zai ninka wannan sauri. Abin da ke hannun mai gashi shi ne ta hana wanda ya fito karyewa.

Hanya biyu ce a gabanta. Ko dai ta datse tsohon gashin gaba ɗaya bayan sabon ya kai yadda za a iya kitsa shi, ko kuma ta riƙa rage kimanin santimita ɗaya ko biyu daga ƙarshensa duk bayan wata biyu, da almakashi mai kaifi. Ta farko ta fi sauƙin kulawa, ta biyu ta fi dacewa da wadda ba ta son ganin kanta da guntun gashi.

Don me za a guji zafi?

Zafi yana miƙar da gashi ne ta hanyar korar ruwan da ke cikinsa da sauya ɗaurin haidirojin. Shi ya sa da zarar ruwa ya taɓa shi ko zufa ta jiƙa shi sai ya koma yadda yake. Wannan kuwa yakan sa a sake gogewa, yau da gobe, har ɓarna ta taru.

Ɓarnar iri uku ce. Ta farko, ɓawon sili yana tsattsagewa yana ɓamɓarewa, ya bar tsoka a fili. Ta biyu, ruwa yana tafasa ne a digiri 100 na ma'aunin Selsiyos, ƙarfen goge gashi na lantarki kuwa yakan wuce digiri 200. Idan aka matse gashi mai danshi da shi, ruwan da ke cikin tsoka yakan zama tururi nan take, ya rasa mafita, ya hura silin ya bar ƙananan kumfa a ciki. Likitocin fata sun san wannan, kuma a wurin kumfar sili yake karyewa. Ta uku, idan zafi ya yi yawa keratin ɗin kansa yakan sauya siffa, kamar yadda farin ƙwai ke daskarewa in an dafa shi, kuma dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Sai a wayi gari sabon tsiron da aka yi watanni ana jira ya rasa murɗiyarsa, ya zama shi ma sai an datse.

Matajin ƙarfe da ake ɗorawa a kan garwashi ko risho ya fi haɗari, domin babu mai iya sanin iyakar zafinsa, ga kuma ƙunar kunne da fatar kai. Gashin da sinadari ya riga ya raunana, a ƙara masa wuta, ya zama an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Hanyoyin kulawa ba tare da wuta ba

Wanki. Sau ɗaya a mako ko a mako biyu ya wadatar. Kafin a zuba ruwa, a raba gashi kashi huɗu ko shida, a yi wa kowane kashi sassauƙan tufka, a wanke su ɗaya bayan ɗaya don kada su sarƙe. A cuɗa fatar kai da tafin yatsu, ban da farce. Sabulun wanki da omo ba na kai ba ne. Ko sabulun salo, duk da amfaninsa, yana ɓangaren kanwa, don haka a narka shi da ruwa mai yawa, a kuma ɗauraye da ruwan da aka ɗiga wa lemun tsami kaɗan, domin tsami mai sauƙi yana taimaka wa ɓawon sili ya kwanta. Inda ruwan rijiya ko na burtsatse ba ya kumfa da sabulu, alama ce ta ma'adinai sun yi yawa a cikinsa. Tsabtataccen ruwan sama ya fi wa gashi.

Warware sarƙiya. Wannan ne matakin da aka fi asarar gashi. Kada a taje shi a bushe ƙayau, kada kuma a fara daga tushe. A jiƙa shi, a sa masa abu mai santsi, a fara warwarewa da yatsu, sannan a bi da mataji mai manyan haƙora daga ƙarshe zuwa tushe, ana riƙe da mahaɗa da ɗaya hannun. A nan hikimar iyayenmu ta dace da kimiyya. Karkashi, wanda ɗan'uwan riɗi ne a dangin tsirrai, ganyensa yana fitar da yauƙi idan an jiƙa shi. Yauƙin nan dogayen sarƙoƙin sukari ne masu riƙe ruwa. Sukan lulluɓe sili su rage gogayya, mataji ya wuce ba tare da cijewa ba. Matan Cadi ma suna wanke kai da irin wannan ganye, suna kiransa ambunu. A tace shi da ƙyalle kafin a shafa, a kuma ɗauraye sosai.

Danshi da maiƙo. Mutane da yawa suna ɗauka mai ne ke jiƙa gashi. Ruwa ne ke sa shi laushi, aikin mai shi ne ya rage saurin tserewar ruwan. Saboda haka ruwa ne farko, mai ya biyo baya. Man kaɗanya da man gyaɗa da man riɗi duk suna yin wannan aiki. Man kwakwa kuma, kamar yadda wani bincike da aka yi a Indiya aka wallafa a 2003 ya nuna, yana shiga cikin sili ya rage zubewar furotin yayin wanki. Man shanu yana laushi, amma yakan yi tsami ya canza wari idan ya daɗe a kai. Kowanne aka zaɓa, kaɗan ya isa, kuma a jikin gashi za a shafa. Lafta shi a fatar kai yana tara ƙura, yana iya ƙara amosani. Wannan mataki ya fi muhimmanci a lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke busar da leɓe da dunduniya. Abin da take yi musu shi take yi wa gashi.

Busarwa da miƙarwa. A matse ruwa da tsohuwar riga ta auduga mai laushi, ban da gurzawa da tawul. Sannan a yi amfani da ilimin ɗaurin haidirojin: duk siffar da gashi ya bushe a cikinta, ita zai riƙe har ruwa ya sake taɓa shi. Kitson zare a kan wannan ka'ida yake. Idan aka naɗe gashi mai ɗan danshi da zare daga tushe zuwa ƙarshe aka bar shi ya bushe, in an kwance za a same shi a miƙe ba tare da wuta ba. Manyan kalaba kuwa suna sa tsohon gashi ya ɗan lanƙwashe ya yi kama da sabon, bambancinsu ya ɓace. A tabbata kai ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi, domin danshi da ɗumi a rufe su ne abin da naman gwari mai cutar fata ke so.

Kitso. Kitso yana hutar da gashi daga taza ta kullum, amma yana da sharaɗi. Binciken Farfesa Khumalo a birnin Cape Town, wanda aka wallafa a 2007, ya sami zubewar gashin goshi da gefen kai sakamakon ja a wajen kashi 17 cikin ɗari na 'yan mata 'yan makaranta, da kusan kashi 32 na manyan mata. Sun kuma gano cewa haɗarin ya fi yawa idan aka yi kitso mai tsauri a kan gashin da ke da rilaksa. Maganar da ake yi cewa kitso sai da zafi yake kyau kuskure ce. Idan ya hana barci, ko ya ɗaga gira, ko ƙananan ƙuraje suka fito a bakin goshi, a sassauta shi a ranar. Da farko gashin yakan dawo, amma idan aka shekara ana ja, kurmin yakan mutu ya zama tabo, kuma tabo ba ya tsirar da gashi. A faɗa wa makitsiya ta yi manyan layuka, ta bar 'yan ƙananan gashin goshi, kada a ƙara gashin kanti mai nauyi, a kuma tsefe bayan mako biyu zuwa huɗu. Da dare a ɗaura ɗankwali mai santsi don rage gogayya da matashin kai.

Abinci. Tun da keratin furotin ne, kurmin gashi yana buƙatar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi, da kuma sinadarin ƙarfe da ake samu a nama da hanta da ganyaye irin su zogale. Ɗaliban nazarin halittu sun san yadda gashin yaro mai tamowa ke yin ja ya sirance.

Karyewa ko zubewa?

Ba duk gashin da aka gani a mataji ne abin tashin hankali ba. Kowane sili yakan yi shekara biyu zuwa shida yana girma, ya huta kimanin wata uku, sannan ya faɗi wani ya maye gurbinsa. Mutum mai lafiya yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Wadda ta yi mako uku da kitso, ranar tsifa za ta ga tarin na kwana 21 a lokaci guda. A ɗauki sili a duba: idan dogo ne mai ɗan farin kai a gindinsa, zubewa ce ta al'ada. Idan guntu ne babu farin kai, karyewa ce, sai a gyara yadda ake taza. Haka nan gashi yakan zuba da yawa wata biyu ko uku bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, kuma yawanci yakan dawo da kansa.

Amma idan aka ga tsakiyar kai tana yin fili, ko fata ta yi sumul tana sheƙi, ko akwai miki da ruwa, ko makero a kan yaro, to a tafi asibiti. Makero yana buƙatar maganin sha daga likita, shafe-shafe kaɗai ba ya kawar da shi. Ɗaliban makarantun kwana su daina aron mataji da tsinken tsifa da ɗankwali, domin ta nan makero da ƙwarƙwata suke yaɗuwa. Duk man gashin da za a saya a kasuwa, a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewarsa.

Gwaji a aji

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai ma'aunin pH ba tare da kayan ɗakin gwaji ba. A jiƙa zoɓo a ruwan zafi a tace, a zuba a kofunan gilashi huɗu. A ɗiga lemun tsami a na farko, ruwan sabulu a na biyu, ruwan kanwa a na uku, a bar na huɗu haka nan don kwatantawa. Kofin tsami zai ƙara yin ja mai haske, na sabulu da na kanwa kuwa za su juya zuwa duhu-duhu ko kore. Daga nan a tambayi ɗalibai wane launi suke zaton rilaksa za ta bayar, da dalilinsu. Idan za a gwada ta, malami ne kaɗai zai yi, da safar hannu, nesa da idanun yara.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa gashin da ke waje matacce ne, rilaksa tana sauya shi sauyi na dindindin, mahaɗa ita ce wurin rauni, kuma zafi da ja su ne manyan abubuwan da ke tsinka ta. Abin da ake buƙata don tsallake wannan lokaci, wato ruwa da karkashi da man kaɗanya da zare da mataji mai manyan haƙora, duk ana samunsu a gida ko a kasuwar Batsari da ta Safana da kuɗi kaɗan, kuma babu wanda ke jiran wutar lantarki a cikinsu. Saura haƙuri na shekara ɗaya ko biyu. Muna fata malamai mata da shugabannin ɗakunan kwana za su isar da wannan bayani ga ɗalibansu, su kuma ɗalibai su kai shi gida ga iyaye da ƙannensu, musamman kafin a shafa wa ƙaramar yarinya rilaksa karo na farko. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.